Awa Biyar da Ƙulli Talatin da Shida

Ni da bakina na faɗa musu awa biyar ce. Inna ta tambaye ni nisan Jidda, na ce daga Kano awa biyar jirgi yake yi, wanda ya tafi Legas a mota ma ya fi ni nisa. Don hankalinta ya kwanta na faɗa. Ban san maganar za ta zauna a kunnen surukina, Malam Zubairu na Zakka, ta jira ni shekara biyu da wata huɗu ba.

Sunana Iro, ɗan ruga ne ni daga gefen Tsaskiya. Cikin shanu na tashi, kuma kiwon na guda bayan an kore mana mafi yawan garken. Wanda ya yi min hanya ya ce ɗaukar kaya zan yi a filin jirgin Jidda, da riga mai ƙyalli da takalmi sau-ciki. Da na sauka, wani Balarabe ya karɓe fasfona, ya nuna min bayan motarsa. Muka miƙa arewa har gidaje suka ƙare, itatuwa suka ƙare, kwalta ma ta ƙare. Inda ya tsaya, tanti ɗaya ne da tankin ruwa da tumaki. Na bar kiwon ubana na zo kiwon uban wani.

Kunya ta hana ni faɗa a gida. Akwai wani tudu, tafiyar rabin wuni daga tantinmu, nan kaɗai waya take kamawa. Bayan mako biyu ko uku sai in kora garken can, in bar su suna kiwo a gindinsa, in hau in aika wa matata Saratu saƙon murya. In ce ina Jidda lafiya, aiki ne ya yi yawa, yanzu ma wani jirgi ya tashi ta kaina. Na bar ta da ciki wata biyar. Ta haifi Asma'u, aka yi suna, yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta miƙe, ni ina bisa tudu ina ƙirƙiro jirage.

Wata Lahadi na hau, sai ga saƙon yayana Bello, ya kwana tara yana jirana.

"Iro, ka saurara da kyau," in ji shi. "Malam ya zo ya ɗauke Saratu da 'yarka, suna Zakka. Ya ce ya tambayi alhazai uku, duk sun tabbatar masa awa biyar ce, kuma kai a bakin jirgin kake aiki. Ya ce masu ci-rani a Legas suna zuwa Salla, kai Salla huɗu ta wuce ba ka leƙo ba, to ba nisa ne ya hana ka ba, ba ka son auren ne. Ya ba ka Juma'a uku. In rana ta faɗi a ta ukun ba ka zo ba, Litinin zai kai magana gaban alƙali a Safana. Na roƙe shi har na gaji. Ka taso."

Na zauna a kan dutse na lissafa da yatsu. Kwana goma sha biyu suka rage min. Ban ga laifin Malam ba ko kaɗan, da ma'aunin da na ba shi ya auna ni. Na yi niyyar aika gaskiyar a nan take, na danna wayar, kunya ta sake hana ni. Abin da na iya cewa kawai shi ne: "Yaya, ka ce wa Malam ina hanya."

Abokin kiwona wani dattijo ne ɗan Sudan, Ammu Taha, ya shekara goma sha wani abu a hamadar nan. Da ɗan Larabcin da na tsinta na ba shi labari. Bai ce min sannu ba, ya ce: "Tumaki sun fara haihuwa, maigida ba zai sake ka ba. In ya zo ranar Laraba, ka yi shiru, ka bar ni da shi."

Kwana ukun nan da na jira motar ruwan da maigida yake zuwa da ita, ban san ɗanɗanon abinci ba. Laraba maigida ya zo, na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya yi ƙememe, ya ce sai bayan wata biyu. Na ji zan faɗi abin da zai ɓata komai. Ammu Taha ya dafa kafaɗata, ya ja mutumin gefe. Na hango shi yana nuna gemunsa, yana nuna garken, yana buga ƙirji. Ashe hutunsa na bana ya sadaukar, ya ce shi kaɗai zai riƙe haihuwar. Tsohon da gwiwa take damunsa. Maigida ya yarda, bisa sharaɗin in na fita na fita ke nan, ba dawowa. Na ce na ji na gani.

Alhamis aka gama takardar fita a garin da ke kusa, aka miƙo min fasfona. Juma'a da asuba Ammu Taha ya raka ni bakin hanya, inda wata babbar mota mai kai raguna Jidda za ta ɗauke ni. Ya ba ni dabino cikin leda, da guntuwar igiyar da muke ɗaure 'yan raguna. Ya ce tafiya irin wannan tana rikita wa mutum kwanaki, in riƙa yin ƙulli. Da ma haka muke yi a gida in mun tafi mashekari, kiwon nesa, da shanu, ƙulli ɗaya kwana ɗaya. Ni sai na mai da shi ƙulli ɗaya salla ɗaya, don kada wata ta kuɓuce min a hanya. Na rungume shi, ya ture ni ya ce in tafi, tumaki suna jiransa. Ko lambarsa ba ni da ita yanzu, wayar da take ciki ta sha ruwa. Kullum yana cikin addu'ata.

Kwana biyu muka yi a motar nan. Gaba babu wuri, a saman keji na zauna, rana a ka, warin raguna a hanci. Duk inda direba ya tsaya shan shayi sai in sauka in yi taimama ko alwala, in yi sallata ta matafiyi, in ƙulla igiya. Da yammacin Asabar na ga Jidda a karo na biyu a rayuwata, garin da na shekara biyu ina cewa a cikinsa nake kwana.

A nan wani ɗan'uwana Bahaushe ya cuce ni. A wata unguwa da mutanenmu suka yi yawa aka nuna min shagonsa na sayar da tikitin jirgi. Da ya ji harshena ya miƙe tsaye, ya ce ai shi ma kakarsa 'yar Batsari ce, ya sa aka kawo min shayi. Na kwashe labarina duka na faɗa masa, wautar da na yi ke nan, don ya gane ba ni da lokacin ja-in-ja. Ya ce jiragen gobe da jibi sun cika, amma akwai na Talata, kai tsaye Kano. Na biya, ya miƙo min takarda da rubutun boko, ni kuwa allo na yi, bokona bai wuce rubuta sunana ba. Na yi masa godiya har da addu'a.

Talata da sassafe, a gaban mai duba takardu, na ji gaskiya. Ba Kano za ni ba. Jirgin zai ajiye ni a Habasha, in kwana, washegari wani ya kai ni Legas. Na ce a duba dai. Ya juyo min da fuskar na'urar, ya nuna min da yatsa. Na kira mai shagon nan sau bakwai, wayarsa a kashe. Na tsaya riƙe da jaka, mutane suna ratsa ni ta ko'ina. Zuciyata ta ce in koma in shaƙe shi. Na sake lissafi: in na koma, Juma'a ta same ni a Jidda ina faɗa, in na hau, Laraba ina ƙasarmu, ko da a gindinta ne. Na ce wa mai takardun ya buga min hatimi.

Ƙasa da awa uku muka sauka a Habasha, da hantsi. Daga nan sai zama. Wuni guda da kwana a cikin gini mai sanyi kamar randa, ni da rigar hamada. Agogon wayata daban, na bango daban, ga shi ban san gabas ba. Wata mata mai shara, baƙa siririya da gicciye a wuyanta, ta ga ina ta juye-juye da darduma a hannu. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta ajiye tsintsiyarta, ta yafito ni, ta kai ni har ƙofar ɗakin salla. Da la'asar ta sake wucewa, ta tarar na dunƙule a kujera, ta ajiye min burodi da shayi a kofin takarda, ta wuce ba ta ko waiwayo ba. Na ba ta dabinon Ammu Taha da ta dawo, ta karɓi uku.

Jirgin Laraba shi ne ya fi ci min rai. A bayan kujerar da ke gabana akwai ɗan allo mai nuna taswira, da hoton jirgi ƙarami yana rarrafe a kai, da lambobi suna sauyawa. Wanda ke gefena wani ɗan kasuwa ne mutumin Ibadan, yana jin Hausa tsaf, ya ce a Sabon Gari ya girma. Na tambaye shi lambobin nan na mene ne. Ya ce na sama nisan da ya rage, na ƙasa lokacin da ya rage. Na ce to daga Jidda zuwa Kano fa? Ya ce ya haura kilomita dubu uku. Na auna shi da tafiyar shanu. In garke ya yi tafiya mai kyau, da kiwo da shan ruwa, ba ya wuce abin da babur zai yi a rabin awa. Wato nisan da na kira awa biyar, da a ƙafa za a kora shanu, sai a yi shuka a yi girbi ba a isa ba.

Can ya taɓa ni ya ce: "Malam, ga garinku can." Na duba. Ga Kano a saman taswirar, ɗan ɗigo, ga jirginmu can ƙasa da ita ya miƙe yamma abinsa. Na sa yatsa a kan ɗigon, na matsa kaɗan hagu da sama, inda nake zaton Zakka take. Ina kallo muka wuce. Hawaye suka zubo min, ban ɓoye ba. Mutumin ya kau da kai ya ba ni wuri, da muka sauka kuma shi ya kai ni har tashar motocin arewa, ya yi magana da direba da yarensu, ya ce a ba ni gefen taga.

Legas zuwa Katsina ba sai na ba Bahaushe labari ba. Mun tashi Laraba da yamma, taya ta fashe sau biyu, shingayen hanya ba su ƙirguwa. Ƙafafuna suka kumbura har na cire takalmi. Da la'asar ɗin Alhamis na sauka Katsina, na kama ta Dutsinma ina gudu da jaka. Na isa rana ta yi ja. Direbobin Safana duk sun ɗaure motocinsu, suka ce yadda daji yake yanzu ba mai shiga da yamma, ko uban waye. Na roƙi wani mai babur, ya dube ni ya ce: "Kai da ka taho daga Makka, so kake a ce a nan ka ƙare? Kwanta, gobe ma rana ce." Na kwana a masallacin tasha. Layina na can ba ya aiki a nan, sai na kira Yaya Bello da wayar ladan na ce ina Dutsinma. Ya yi hamdala, ya ce an kwana ana ruwa a wajensu, in yi hankali da ƙorama.

Juma'a da hantsi ina Safana. Na ɗauki babur zuwa Zakka, muna tafe muna zamewa a laka, gero ya kai ƙugu dama da hagu, ƙanshin ƙasar da na shekara biyu ban shaƙa ba. Sai ga ƙoramar ta cika ta batse, jajawur, tana tafe da rassan itace. Mutane sun taru a gaɓa suna jiran ta sauka. Mai babur ya ce iyakarsa ke nan. Na zauna na jira tare da su, azahar ta yi, na san Juma'a ta wuce ni. Na yi sallata a gaɓar, na yi ƙulli. Ruwan ya ɗan ja, amma bai kai yadda mutane suke so ba. Wani dattijo ya ce in bari sai gobe. Na dubi rana ta karkata. Na ce: "Baba, ni ɗan ruga ne, na sha ƙetare da shanu a wanda ya fi wannan." Na yi ƙarya kaɗan, bai kai wannan ba. Na ɗaure jaka a ka, igiyar a wuya, na sami sanda, na haura sama inda ruwan ya fi faɗi, na shiga ina karanta abin da na sani. Ya kai min ƙirji, ya ɗauke min takalmi ɗaya, wayata ta jiƙe. Na fita can ƙasa da inda na nufa, na kama saiwar wani itace na hau.

Da ƙafa na ƙarasa, takalmi ɗaya a hannu. An idar da la'asar ke nan na yi sallama a zauren Malam. Yana zaune a buzunsa da littafi a gaba, Yaya Bello na gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga rigata. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, bai ɗago ya dube ni ba.

Sannan ya ce: "Iro, mako biyu da suka wuce ka ce kana hanya. Hanyar awa biyar."

Na ce: "Allah ya gafarta Malam, ƙarya na yi muku. Ban taɓa aiki a filin jirgi ba. Tumakin wani nake kiwo a hamada, kwana biyu a mota daga Jidda, fasfona a hannunsa. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Yaya Bello ya sunkuyar da kai. Na ciro igiyar daga wuyana na ajiye a gaban buzun. Na ce kowane ƙulli salla ɗaya ce, daga azahar ɗin waccan Juma'a zuwa ta yau.

Malam ya ɗauka. Ya bi ta da yatsa kamar carbi, leɓensa yana motsi. Da ya kai tsakiya ya tsaya ya ce: "A Jidda cikawa ka yi ko ƙasaru?"

Na ce: "Ƙasaru, Malam. Ban yi niyyar kwana huɗu ba."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba har ƙarshe. "Talatin da shida," in ji shi. Ya daɗe yana juya igiyar. "Na yi hukunci da abin da aka gaya min. Nisa uzuri ne, na karɓa. Ƙaryar kuwa ba ni ka yi wa ba." Ya ɗaga murya kaɗan ya kira Saratu.

Ta zo ta tsaya daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Ƙafafunta kawai nake gani, da wasu 'yan ƙafafu a gefe, riƙe da zanenta. Malam ya ce ta ji abin da na faɗa? Ta ce ta ji. Ya ce to me ta ce?

Ta ce: "Baba, ni na sani tun saƙon farko."

Ta ci gaba:

"Duk saƙon da ya aiko, akwai kukan tumaki a bayan muryarsa. Shekara uku na yi a ruga, na san kukan tunkiya mai neman ɗanta. Ban taɓa jin ƙarar jirgi ba ko sau ɗaya."

Malam ya ce: "Kika bar ni ina ta faɗa, ba ki gaya min ba?"

Ta ce: "Ba ni zan tona masa asiri ba, Baba. Jira nake ya faɗa da bakinsa." Sai ta juyo da maganar kaina. "Baban Ma'u, a gidan kiwo aka kai ni aure, da saninka da sanina. Me ka gani a wurina da ka zaci zan raina makiyayi?"

Hamada ba ta karya ni ba, ƙorama ba ta karya ni ba, wannan tambaya ta karya ni. Na ce ta yafe min, na sake cewa, ban san sau nawa na faɗa ba.

Ba ta bi ni gida ranar ba. Ta miƙo hannu ta bayan asabari ta ce a ba ta igiyar. Ta ce shekara biyu ana ba ta labarin garin da ba na ciki, yanzu tana son na gaskiya. In riƙa zuwa kullum bayan la'asar, kowane ƙulli in faɗa mata inda na yi shi da wanda ke kusa da ni, sannan ta kwance. Malam ya koma kan littafinsa.

Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin Tsaskiya da Zakka a kan aron babur. Biyar take kwancewa a rana, ba ta ƙari ko na roƙa. Ta ji labarin Ammu Taha da gwiwarsa, da mai shagon da kakarsa 'yar Batsari ce, da matar nan mai gicciye. Ranar da na kai kan ɗigon Kano a taswira, ta sa na maimaita mata. Asma'u kuwa kwana huɗu tana leƙena daga bayan uwarta, a na biyar ta zo ta ja min gemu ta gudu.

A rana ta takwas ƙulli ɗaya ya rage, na bakin ƙorama. Na faɗa mata, har da ƙaryar da na yi wa dattijon nan. Ta kwance shi, ta miƙar da igiyar a cinyarta, ta naɗe ta a hannu. Ta ce in je in gyara rufin ɗakinta tun yau, ta bar shi yana yoyo ta wajen gado, kuma gobe da hantsi za su taho.